Rumbu a Cikin Waya: Yadda Ake Girbin Ilimi a Intanet Daga Ƙanƙara Zuwa Sabuwa

A watan Satumba na 2021 aka wayi gari babu sabis a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina. Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa duk suna ciki, haka ma Funtuwa da Bakori da Malumfashi da Ɗandume. Gwamnati ta ce ta toshe layukan ne don ta raba 'yan bindiga da masu kai musu rahoto, aka kuma kwashe wajen wata uku a haka. Wanda ya ga lokacin ba sai an ba shi labari ba, ya san irin tafiyar da mutum kan yi don ya buga waya ɗaya tak. A waɗannan watanni wayoyin jama'a suka kasu biyu. Wata ta koma tocila da agogo. Wata kuwa mai ita ya riga ya tara abu a cikinta, ko littafi, ko karatun malami, ko darasin lissafi, sai ta ci gaba da amfanar gidan kamar ba abin da ya faru.

Kafin wannan ma, yaranmu sun sha zaman gida. Korona ta rufe makarantu a Maris na 2020. Ba a gama farfaɗowa ba, ran 11 ga Disamba na wannan shekarar aka kwashe ɗaliban Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara, aka sako 344 bayan kwana shida, makarantun kwana suka sake rufewa. Yaron da ya taso a wannan yanki ba zai dogara da aji kaɗai ba, ba kuma zai dogara da sabis ba. Shi ya sa idan aka tambaye ni wane shafi ne ya kamata a leƙa, nakan fara da yadda za a leƙa shi. Manomi ba ya zama a gona ya ci hatsinsa a tsaye. Yankewa yake ya ɗaure dammuna ya kai rumbu. Haka ya kamata mu yi da intanet: a shiga a ɗebo, a fito, a adana.

Rumbun shi ne katin memori. Mai giga 32 ya isa a fara da shi. Saye shi a wurin wanda ka sani, domin na jabu sun yi yawa a kasuwa. Na jabun zai nuna maka 32 a rubuce, amma da ka zuba masa kaya sai su lalace. Gwajinsa ba wuya: cika shi da finafinai ko karatu tun ranar da ka saya, sannan ka buɗe na farko da na ƙarshe ka ga ko suna aiki. Idan ya ci jarrabawa, goge, ka buɗe masa jakunkuna da sunayen da kowa a gidan zai gane: Yara, Jarrabawa, Addini, Noma, Tarihi.

Sai shirin fita. Kafin ka kunna data, rubuta abin da kake nema a takarda, kamar yadda uwargida take lissafa cefane kafin ta aiki yaro. Wanda ya shiga ba da takarda ba, Facebook da TikTok za su tare shi a ƙofa, kafin ya ankara giga guda ta tafi. Shiga saitin waya ka hana manhajoji sabunta kansu, ka hana WhatsApp sauke hotuna da bidiyo ba da izininka ba. Kamfanonin waya suna sayar da datar dare da araha, daga tsakar dare zuwa asuba, lokacin da layin ma ya fi sakewa. Idan kuwa garinku sabis ɗin sai an hau tudu, tara buƙatunka sai ranar da tafiya ta kama ka zuwa Funtuwa ko Malumfashi ko Zariya. Ka kuma riƙe wannan lissafi: bidiyon awa ɗaya mai matsakaicin haske yana iya cin MB 300, alhali littafi sukutum na PDF sau da yawa bai wuce MB biyar ba. Kuɗin fim ɗaya, kuɗin littattafai da dama ne.

Adana shafi kuwa, a Chrome taɓa ɗigo ukun nan na sama, ka danna kibiyar da ke kallon ƙasa. Shafin ya zauna a wayarka, ka karanta shi ko da data a kashe. Amma a kula da abu ɗaya da ya cuci mutane a 2021. Bidiyon da ka sauke a cikin manhajar YouTube ba naka ba ne, aro ne. Idan waya ta daɗe ba ta ga intanet ba, sai ya ƙi buɗewa. Abin da ya shiga rumbu da gaske shi ne wanda kake iya gani a jakar memori, kake kuma iya tura wa wani.

Da za a ce in zaɓi abu ɗaya tak, Kiwix zan zaɓa. Manhaja ce ta kyauta da aka fara a 2007 saboda wurare irin namu. Kana sauke ta, sai ka shiga ɗakin karatunta ka zaɓi harshe, ka ɗauko Wikipedia ta Hausa gaba ɗayanta a dunƙule, ta zauna a memori. Daga nan kana bincike a cikinta ba data ba sabis. Ta Turanci tana da girma ƙwarai, amma an yanyanka ta: akwai ɓangaren lissafi kaɗai, akwai na ilimin sinadarai, akwai na likitanci. Akwai kuma wanda aka cire wa hotuna don ya yi sauƙi. Malamin da ya yi wannan aikin dare ɗaya ya samar wa makarantarsa ɗakin karatu.

Ga masu ƙananan yara, a nemi African Storybook da StoryWeaver. Na farkon wata cibiya ce a Afirka ta Kudu mai suna Saide ta kafa shi, na biyun kuma na ƙungiyar Pratham Books ne ta Indiya. Dukansu suna da littattafan labarai masu zane da Hausa, an kasa su mataki-mataki, daga mai jimla ɗaya a shafi har zuwa mai sakin layi. Zaɓi Hausa, zaɓi mataki, sauke PDF. Masu su sun yarda a kwafa a buga a raba, don haka ba laifi ka kai shagon kwamfuta a buga maka guda biyar ka ɗinke da zare. Na fi son a buga ɗin, domin yaro yana son abin da zai riƙe ya juya da hannunsa, kuma takarda ba ta neman caji. Inda ba hali, waya ɗaya ta ishi yara biyar bayan magariba, in dai babba zai zauna ya sa su karanta da ƙarfi ɗaya bayan ɗaya. Wani lokaci za ka ci karo da fassarar da Hausarta ba ta zauna ba. Karanta kafin ka ba yaro, ka tsallake irin waɗannan. Akwai kuma Nigeria Learning Passport, wanda Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da UNICEF da Microsoft suka buɗe a Maris na 2022. Darussansa sun bi manhajar karatun Nijeriya, kuma akwai na Hausa a ciki.

Ɗalibin sakandare kuma, kafin ya je ko'ina, ya fara da masu shirya jarrabawar kansu. Hukumar WAEC tana da sashen koyo a shafinta inda take ajiye tsoffin tambayoyi tare da rahoton manyan masu maki. Wannan rahoto shi ne dukiyar da yawancin ɗalibai ba su san da ita ba. A cikinsa ake faɗin inda 'yan shekarar suka yi tuntuɓe a kowace tambaya, da abin da ake so su rubuta. Wanda ya karanta na shekara biyar a darasi ɗaya zai ga kurakuran nan su ne dai suke maimaituwa. JAMB ma ta ajiye manhajar kowane darasi da sharuɗɗan kowane kwas a shafinta, kyauta. Sauke su tun kana aji biyar, kada ka bari sai ranar cike fom a shagon kwamfuta wani ya zaɓa maka darussan da ba su dace da kwas ɗinka ba.

Lissafi idan ya gagara, Khan Academy tana ɗaukar mutum daga ƙidaya har zuwa lissafin jami'a, da Turanci mai sauƙi. Shawarata ita ce kada girman kai ya hana ka komawa baya. Yawancin masu kuka da aljabara, ciwonsu yana can a ɓangarorin lamba na aji huɗu na firamare.

Wanda ya fi burge ni a fannin kimiyya shi ne PhET, na Jami'ar Colorado a Amurka. Carl Wieman, wanda ya ci kyautar Nobel a kimiyyar fiziks a 2001, shi ya kafa shi a 2002. Ɗakin gwaji ne a fuskar waya. Yaro zai ja batir da waya da ƙwan fitila da yatsansa ya haɗa, fitila ta kama. Ya ƙara batir ya ga haske ya ƙaru. Ya yi haɗin banza ya ga wuta ta tashi ba tare da kowa ya ƙone ba. Makarantu nawa ne tsakanin Yankara da Damari suke da ɗakin gwaji mai kaya? Kowane gwaji ana sauke shi daban, ba shi da nauyi, yana kuma aiki ba intanet. Wanda ya gama sakandare bai samu ci gaba ba, ko matar aure da karatu ya tsaya mata, su duba shafin Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, wato NOUN. Littattafan kwasa-kwasanta suna nan a buɗe ga kowa, har da na digirin Hausa.

Yanzu bari in zo inda zuciyata ta fi karkata, wato harshenmu da tarihinmu.

Ƙamus ɗin G. P. Bargery, wanda aka buga a 1934, yana da kalmomi kusan 39,000, kuma an ɗora shi a intanet yadda za ka rubuta kalma ya fito maka da ita. Daɗinsa gare mu shi ne yana nuna kalmar da Katsinawa ke faɗi da wadda Sakkwatawa ke faɗi. Shi wannan ba a sauke shi a dunƙule, don haka dabarar ita ce ka riƙa rubuta kalmomin da ka ji a bakin kaka ko a waƙar Shata waɗanda ba ka gane ba, ranar da ka samu sabis ka bi su ɗaya bayan ɗaya. Sau da yawa za ka tarar kalmar da kake zaton ta ƙauyenku ce kaɗai an rubuta ta shekara casa'in da suka wuce. Don rubuce-rubucen zamani da Hausa a kan adabi da al'ada da sarautu, akwai Rumbun Ilimi da Amsoshi. Na biyun ya fi amfanar ɗalibin Hausa mai neman maƙala da nazari.

Tsoffin littattafai kuwa gidansu Internet Archive, wanda aka kafa a 1996. A nan za ka samu littafin tafiye-tafiyen Heinrich Barth, Bajamushen da ya shiga Katsina a 1851 ya rubuta unguwanninta da kasuwarta. A nan Magana Hausa take, ta J. F. Schön ta 1885, mai ɗauke da labarin Dorugu, yaron ƙasar Damagaram da aka kama bawa, ya je har Ingila, ya ba da labarin rayuwarsa da Hausarsa. A nan kuma littafin tatsuniyoyi da al'adu na R. S. Rattray na 1913 yake, wanda wani Malam Shaihu ya rubuta da ajami, shafin ajami na fuskantar na boko. Duk waɗannan sun tsufa har sun zama na kowa, ana sauke su kyauta. A karanta su da ido biyu. Baƙi ne suka tattara, wasunsu da manufar mishan, wasu da ta mulki, kuma sun yi kuskuren ji da na fahimta. Amma muryoyin da ke ciki na kakanninmu ne, ba kuma za mu bar su don ƙin wanda ya riƙe alƙalami ba.

Bincike a irin waɗannan wurare yana da tasa dabara. Barth bai rubuta Katsina yadda muke rubutawa ba, Katsena ya rubuta; idan ba ka gwada haka ba sai ka ce babu. Idan ka rubuta Ƙanƙara kaɗai, ƙanƙarar sanyi za a kawo maka. Idan ka rubuta Daudawa, daddawar miya za ta fito, alhali kai kana neman garin nan na ƙasar Faskari da ya yi suna da gonar irin auduga tun zamanin Turawa. Haɗa sunan da Katsina, ko da auduga. Gwada da ƙugiya, gwada babu ƙugiya. Nemi tsoffin sunayen yankunan irin su Pauwa da Kogo da Maska, domin takardun da suka girmi ƙananan hukumomi da su suke magana.

Ɗakin Karatu na Birtaniya yana da shirin ceto tsoffin takardu mai suna Endangered Archives Programme. A shafinsa akwai hotunan takardun Gidan Adana Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna, akwai kuma tsoffin fitowar Gaskiya Ta Fi Kwabo, jaridar da ta fara fita a Zariya a Janairun 1939, Abubakar Imam yana editanta. Zauna da fitowa ɗaya ka ga yadda ake rubuta Hausa a lokacin, da abin da ke damun mutane, da wasiƙun da suke aikowa daga garuruwa. Hotunan suna da nauyi, don haka a zaɓa a ɗauka. Jami'ar Boston kuma ta tara rubuce-rubucen ajami na Afirka ta Yamma ƙarƙashin Farfesa Fallou Ngom, ɗan Senegal, kuma cikin waɗanda suka yi aikin ɓangaren Hausa akwai Dokta Mustapha Hashim Kurfi. Wasu rubuce-rubucen an juya su zuwa boko an fassara. Ka nuna wa alaramman unguwarku shafi ɗaya daga ciki. Shi da ake cewa bai yi boko ba, shi zai karanta maka abin da kai ka kasa.

Tunda an zo kan malamai: Quran.com da Tanzil suna da tarjamar Hausa ta Shaihu Abubakar Mahmud Gumi. A lura, yawancin manhajojin Alƙur'ani da ruwayar Hafsu suke zuwa, alhali makarantun allonmu Warshu suke karantarwa. Wanda zai saukar wa almajiri ya nemi mai Warshu, don kada a rikita yaro. Mai Larabci kuma Maktabatus Shamila ta ishe shi, dubban littattafai ne, har da su Risala da Muwaɗɗa. Littafi ne dai kawai take bayarwa; bayani da gyaran karatu suna gaban malam.

Manomi ma yana da rabonsa. Access Agriculture tana da bidiyoyin manoma suna koya wa manoma, da yawa an juya su zuwa Hausa: yaƙi da ƙuduji, haɗa takin gargajiya, ajiyar iri. Sai ka yi rajista ta kyauta kafin ka sauke, kuma suna da ƙaramin samfuri da ke buɗewa a ƙaramar waya. SAWBO kuma zanen motsi take yi, akwai na ajiyar wake a buhu mai hawa uku ba tare da magani ba, akwai na tsutsar nan da ta shigo wa masara tun 2016. Hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, da lokacin da ake sa ran saukar ruwa da ɗaukewarsa. A ƙasar masara da auduga da waken suya irin tamu, wannan takarda ta cancanci MB ɗin da za ta ci. Hasashe ne, a haɗa shi da idon tsofaffi.

Duk shafin da ka shiga, yi masa tambaya uku: na wane ne, yaushe aka rubuta, me yake so a wurina? Na gwamnatin Nijeriya da gov.ng yake ƙarewa, na jami'o'i da edu.ng. Duk wanda ya ce ka kawo BVN ko lambar sirrin katinka don a ba ka tallafi ko gurbin karatu, ko ya ce sai ka tura wa mutum ashirin kafin ya buɗe, ɓarawo ne, fita. Haka masu sayar da amsar jarrabawa. Labarin da ya tayar maka da hankali kuma, duba Dubawa ko Africa Check kafin ka tura, dukansu suna aiki da Hausa. A yanki irin namu, jita-jita ɗaya tana iya tayar da ƙauye cikin dare.

Wikipedia ta Hausa da na yaba ɗazu, ita ma tana da nata rauni. Maƙaloli da yawa na'ura ce ta fassara su ba a gyara ba, sai ka karanta jimla sau uku ba ka gane ba. Ka kuma nemi garuruwanmu ka gani: layi biyu ko uku, sai labarin hari. Wanda ke nesa zai ɗauka ba abin da ke Faskari sai bindiga. Babu kasuwar dabbobi ta Sheme, babu farar ƙasar Ƙanƙara da ake haƙa, babu madatsar ruwa ta Mairuwa, babu jerin waɗanda suka riƙe sarautar Sarkin Pauwa ko Sarkin Yamma. Ba wanda zai zo daga wani wuri ya rubuta mana waɗannan. Buɗe asusu a Wikipedia kyauta ne. Sa Gboard a wayarka ka zaɓi Hausa don ka samu ƙ da ɗ da ɓ. Fara da gyara jimla ɗaya da ta karkace. Idan za ka ƙara bayani, faɗi littafi ko jaridar da ka samo shi, domin abin da ba shi da madogara gogewa ake yi. Hoton da ka ɗauka da hannunka, na rumbu ko marina ko dutse, ɗora shi a Wikimedia Commons. Kada ka ɗauki fuskar mutum sai da izininsa, kada kuma ka ɗora abin da zai nuna makwancin ɗalibai ko inda jami'an tsaro suke.

Abin da babu shi a kowane shafi kuwa yana bakin tsofaffi. Sa wayar a yanayin jirgin sama don kada kira ya katse, nemi wurin da ba iska, ajiye ta kusa da bakin Baba ko Inna. Fara da faɗin ranar da garin da wanda ke magana, sannan ka yi tambaya ɗaya ka yi shiru. Yadda aka kafa unguwar, sunayen gonaki da fadamu, waƙar niƙa, shekarar da aka yi yunwa. A hanzarta, domin mutanen ƙauyuka da yawa sun watse zuwa cikin gari, wasu tsofaffin ba za su sake komawa ba.

Idan memorin ya cika, saya na biyu ka kwafe komai, domin kati yana ƙonewa, waya tana faɗawa ruwa, ana kuma sace ta. Na biyun sa shi a ambulan, ka rubuta abin da ke ciki da kwanan wata, ka ba shugaban makarantar firamare ko malamin Islamiyya ajiya. Turawa daga waya zuwa waya ta Xender ko Bluetooth ba ta cin data ko kaɗan. Mai shagon caji da ke zuba wa mutane finafinai ma a kai masa jakar Yara da ta Noma, a roƙe shi ya riƙa haɗawa da su ga duk wanda ya kawo memori. Bayan girbi, lokacin da kuɗi ya ɗan shigo hannu, a sake fita da sabuwar takarda a ɗebo abin da aka ƙara.